Mai Jan Gashi a Hanyar Teku

Da jan gashi na zo duniya,
a ƙauyen masunta can gaɓar Mayo,
inda teku ke ba mu da dama, ya karɓe da hagu.
Tun ban kai tsayin tebur ba na san dokata:
masuncin da ya yi ido huɗu da ni da sassafe
ranarsa ta ɓaci ke nan.
Sai ya tofar da yawu, ya saɓa tarunsa, ya koma gida.

Shekara talatin da ɗaya ina bayan labule
har sai kwale-kwale na ƙarshe ya zama ɗigo.
Ban yi fushi ba. To, na yi, amma kaɗan.
Ai ba ni kaɗai ba ce abin gudu:
ba a fito da baki a kan ruwa,
ba a kiran sunan dila ko alade a cikin jirgi,
ba a taɓa itacen ƙayar nan guda na tsakar gonar Manus,
don inuwar mutanen ɓoye ce.

Mai zaman gida ba ya rasa karatu.
Gwaggona Siobhra ta koya min allon sama:
in kyanwa ta ba murhu baya, ki ɗaure ƙofa;
in kunkunniya ta zubo cikin tukunyar dankali,
in harshen wuta ya yi shuɗi,
in dutsen nesa ya matso har kina ƙirga tumakinsa,
kwashe shanyarki, 'yar nan, kada ki tsaya gardama.

Daren wata Talata, wata ya kafa sansani.
Kyanwata ta juya wa wuta ƙeya.
Da asuba na leƙa, ga tsuntsayen teku
sun cika makiyaya, shiru, kamar masu zaman makoki,
sama kuwa tas, ko gizo-gizon gajimare babu,
ruwa kwance luf kamar madara a ƙwarya.
Rediyo ya ce lafiya lau.
Gwiwata ta hagu ta ce ƙarya ne.

Wa zai saurari mace a kan maganar iska?
Ƙanena Fachtna zai yi dariya,
ya ce jeki ki dafa shayi, Gobnait.

Sai na cire ɗankwali.
Na warware kitson har gadon baya,
na je na tsaya ƙiƙam a ƙuncin hanya
tsakanin katangar coci da gangaren jirage,
inda ko akuya sai ta goge ni kafin ta wuce.

Su tara ne suka taho.
Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, da suna,
don kada wani ya ce bai gan ni ba.
Manus ya yi alamar gicciye.
Colmán ya zage ni, ya haɗa da kakata.
Fachtna bai ce uffan ba, kunnuwansa dai suka yi ja.
Suka juya, duk taransu,
takalman robarsu na kuka a kan tsakuwa.

Kafin ƙararrawar tsakar rana
teku ya miƙe tsaye.
Ya ɗauke rufin ɗakin gishiri,
ya ajiye jirgin Colmán a gonar kabeji.
Kwana biyu ba mu ji muryar juna ba.

Kada ku zaci an gode min.
A shagon giya cewa suka yi ni na kira ta,
jan gashi ya ja guguwa, me ya fi wannan fili?
Wata guda matan ba su aro min gishiri ba.

Amma ran Juma'a na buɗe ƙofa,
ga kifi uku rataye a ƙusa,
an zarge su da igiya ta ƙaramin baki,
da irin ƙullin da hannu ɗaya tak ke yi a ƙauyen nan,
hannun da ya rasa ɗan yatsa.
Colmán ke nan.

Na soya biyu.
Na ukun na ba kyanwa,
don ita ta fara faɗa.